Aikin masu fulawa na bakin titi a Kaduna: dashensu ya yi, amma a sa ido kan ƙasa da ruwa

Wanda ya gama gini a Rigachikun ko Mando, Millennium City ko bayan Barnawa, ya tare, sannan ya dubi jan filin da ya rage tsakanin get da ƙofar falo, yawanci wuri guda yake nufa: wajen masu fulawan nan da ke jera baƙaƙen ledoji a gefen manyan titunan gari da kusa da bakin kogi. Sana'arsu ta wuce sayar da dashe. Suna karɓar aikin dungurungum, su zo su duba fili, su kawo baƙar ƙasa da taki, su dasa, su shimfiɗa ciyawa, wasu har da alkawarin zuwa aski duk wata. A kan wannan cikakken aiki sharhin nan yake, domin mai gida ko uwargidan da ba su taɓa riƙe fartanya saboda fure ba, kuma suke son fili ya zama lambun furanni na gaske.

Dashensu ya cancanci kuɗinsa. Hannunsu wajen dasawa da aski ba laifi. Inda aikin ke zubewa shi ne ƙasar da suke kawowa, lokacin da suke yarda su dasa, da lissafin ruwan da ba sa yi wa mai gida. Duk ukun kuwa ba a ganinsu ranar da aka miƙa aiki. Sai bayan wata biyu zuwa shida suke fitowa fili, lokacin an gama biyan kuɗi.

Mu fara da abin yabo. Yawancin abin da ke cikin ledojin nan a nan Kaduna aka raine shi, daga reshe, a cikin ƙura da zafin titi, ana ba shi ruwa da ƙyar. Shukar da ta rayu a haka ta riga ta san gari. Bogenbiliya, iksora, yalo-bush mai rawayan ganye, alamanda mai ruwan ɗorawa, firanjifani, habiskos, kana mai ganye kamar na ayaba, duk suna kamawa ba gardama idan an ba su wurin da ya dace. Masu sana'ar sun san wadda ke son rana da wadda ke son inuwa, kuma idan ka tambaya suna faɗa maka gaskiya. Da yawansu sun fi shekara goma suna wannan aiki, idonsu ya goge.

Sai dai akwai abu uku da ake dubawa a jikin leda kafin a ɗora ta a mota. Na farko, reshen da aka soka jiya. Kana ganinsa da fure shar, amma furen na uwar bishiya ne, a ƙasa babu ko silin saiwa. Riƙe gindin da yatsu biyu ka ɗan ja sama a hankali. Wanda ya kama zai taso da ledar gaba ɗaya, wanda bai kama ba zai zame kamar tsinke a cikin tuwo. Na biyu, akasin haka: dashen da ya daɗe har saiwarsa ta huda gindin leda ta shiga ƙasa. Da an fizge shi an tsinke masa rabin abin shan ruwansa, kafin ka isa gida ya yi yaushi. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Idan ka ga tsinkakkiyar saiwa mai kaurin tsinken ashana ko fiye, mayar ka zaɓi wata. Na uku, idan za ka sayi guda hamsin ko ɗari don shinge, biya kuɗin ɗaya ka yage ledar a gaban mai ita. Abin da ake so a gani shi ne fararen saiwoyi sirara sun bazu cikin dunƙulen ƙasa, kuma dunƙulen bai warwatse ba. Idan saiwar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi laushi, tana warin ruɓa, mai yiwuwa duk layin haka yake. Mai fulawa na ƙwarai ba ya jin haushin wannan gwaji, wasu ma da kansu suke yagawa su ce, "Duba da idonka, Alhaji."

Akwai kuma kayan da ake saukowa da su daga Jos, irin su manyan wardi da wasu furanni masu taushin ganye. Su ne suka fi ɗaukar ido a layi, su ne kuma suka fi tsada. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kaduna kuwa kusan rabin haka, kuma zafin Maris da Afrilu a nan ba wasa ba ne. Wardi na yi a Kaduna, musamman da hunturu, amma yana son ban ruwa a kan ƙa'ida da aski da feshi, da damina kuma baƙin ɗigo na cinye ganyensa. Sabon shiga ya bar shi sai shekara ta biyu.

Yanzu ga ƙasa, kuma a nan ya kamata mai gida ya fi daɗewa. Filin sabon gida a Kaduna ba gona ba ce. Abin da ke saman nan yawanci jar ƙasar ciko ce da marmara, wadda tifa da masu kwaɓa siminti suka tattake har ta zama kamar daɓe, a cikinta kuma ga ɓaraguzan bulo, busasshen kankare, guntayen katakon dakin da buhunan siminti. Abin da masu fulawa da yawa ke yi shi ne su zuba baƙar ƙasa mai kaurin yatsu huɗu a kan wannan daɓe, su baje da manjagara, su haƙa rami daidai girman leda su dasa. Ranar farko wurin ya yi kyau ƙwarai. Amma saiwa na sauka santimita goma ta ci karo da dutse. Da rani ƙasar ta bushe cikin sa'o'i, da marka kuma ramin ya zama tukunya, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ba mugunta ce ke sa su haka ba. Haƙa da diga aiki ne na kwana biyu ko uku, mai gida kuma ya fi son ya ga fure da wuri a kuɗi kaɗan. Shi ya sa dole kai ka sa haƙa cikin ciniki, ka kuma biya shi daban.

Kafin ma a kira kowa, yi wannan gwaji. Haƙa rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30 a wurare biyu ko uku na filin. Cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, sannan ka sake cikawa da yamma. Idan da safe ka tarar da ruwa a ciki, wurin ba ya tsane ruwa, kuma fangalin fulawa a nan sai an ɗaga shi sama da aƙalla santimita 20, a kewaye da bulo layi ɗaya. Idan ya tsotse cikin sa'a biyu zuwa huɗu, alhamdulillahi, haƙa da gyara kawai yake buƙata.

Ga lissafi na fangali guda a jikin katanga, tsawon mita 8, faɗin mita 1. A haƙe shi zurfin santimita 30, a kwashe duk ɓaraguzai da katako, a kuma sassara ƙasan ramin da diga don saiwa ta sami hanyar wucewa. Cika wannan rami na cin baro kusan 40, idan ba a yi wa baron toliya ba. A raba su haka: baro 24 na ƙasar sama mai kyau, 8 na ruɓaɓɓen takin shanu, 8 na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa ko ɓuntun shinkafa da ya daɗe a jibge. A cakuɗa a waje kafin a zuba, kada a jera su hawa-hawa. Duk mai fulawan da ya ce baro goma sun isa wannan fangali, shimfiɗa zai yi maka a sama.

Baƙar ƙasar ita kanta abin dubawa ce. Baƙi ba shi ne kyau ba. Wata daga fadama ake ɗebo ta, laka ce zalla. Jiƙa ta ka dunƙula a hannu, idan ta murzu ta yi igiya mai sheƙi ba ta karye ba, da rani za ta tsattsage ta yi tauri kamar bulo. Wadda ake so tana dunƙuluwa, amma da ka latsa da babban yatsa sai ta farfashe. Wata kuma daga tsohon juji take, cike da fasassun kwalabe, leda, batir da toka. Sannan ga babbar masifa, wato aya-aya da tofa. 'Yan ƙwayoyin aya-aya na zuwa a ɓoye cikin ƙasar fadama, kowace ɗaya ta tsiro ta haifi wasu a ƙarƙashin ƙasa, in ka tuge ganyen sai ya dawo cikin mako guda. Tofa kuma guntun jijiyarta mai tsawon ɗan yatsa ya isa ya mamaye fangali. Maganin abin mai sauƙi ne, haƙuri kawai yake so: bayan an cika fangali a yi ta ba shi ruwa mako biyu ba tare da an dasa komai ba. Da yawa daga abin da ke ɓoye zai fito. A tone shi da ƙwayarsa da jijiyarsa, sannan a dasa. Masu fulawa ba sa son wannan jira domin yana riƙe musu kuɗi, amma shi ne mako biyu mafi amfani a duk aikin.

Taki ma haka. Takin shanu daga zango ko rugar Fulani yana da kyau idan ya ruɓe: launinsa ya yi duhu, yana marmashewa, ƙanshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, kuma idan ka tura hannu cikin buhun ba ka jin ɗumi. Wanda ke da ɗumi ko zarni bai gama ba. Kashin kaji ɗanye ya fi haɗari, domin yana ƙone saiwa cikin kwana uku, gefen ganye ya bushe kamar an babbaka. Sai ya yi wata biyu zuwa uku a jibge ana juya shi ana yayyafa ruwa. Idan ka zazzage buhu a ƙasa, tsaya ka barbaza da hannu. Sau da yawa za ka ga gwazarma, fara sol mai jan kai, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. A tsince ta a watsa wa kaji kafin takin ya shiga fangali, domin wasu irinta saiwar ƙananan dashe suke ci. Ɗanyen taki da garin katako da guntayen itacen da aka binne su ne kuma ke gayyato gara. Idan garar ta zo, wasu masu aikin za su fito da magani a gorar ruwa marar suna, ko su ce a zuba fiya-fiya. Kada ka yarda da ko ɗaya a gidan da yara ke wasa. Nemi a kawo maganin a cikin mazubinsa na asali, mai lambar NAFDAC da bayanin awo a jiki, a kuma bi awon.

Kan zaɓen abin da za a dasa, masu fulawa na da tsari guda da suke maimaitawa kusan kowane gida: layin bishiyar maskured dogaye a jikin katanga, shingen yalo-bush a gabansu, ciyawa a tsakiya, iksora a bakin ƙofa. Tsarin na da tsafta, amma kore ne da rawaya kawai, furensa kaɗan ne. Wanda ke son lambun furanni sai ya faɗa musu tun farko, ya kuma nemi a tsara yadda kowane lokaci na shekara zai sami mai yin fure. Bogenbiliya da ƙariya su ne sarakan rani, suna cika da fure daidai lokacin da gari ya bushe. Alamanda, kana da habiskos sun fi ba da fure da damina. Iksora da fure mai suna binka, wanda wasu ke kira feriwinkil, kusan ba sa hutawa. Marigol da ziniya daga iri ake shuka su, suna fure cikin mako shida zuwa takwas, kuma su ne mafi arha wajen cike gurbi kafin manyan su girma. Fotulaka, mai buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, ita ce ta bakin hanya inda rana ke duka. Akwai kuma lalle, wanda kusan ba mai fulawan da zai kawo maka shi don ba ya ganinsa a matsayin fulawa. Yana yin shinge mai kauri, yana jure fari, ƙananan fararen furanninsa na cika tsakar gida da ƙanshi da yamma, ga ganye kuma uwargida ta samu.

Tazara wani wuri ne da ra'ayin mai sayarwa da na mai gida suka bambanta, tunda shi da guda-guda yake ƙirga kuɗi. Yalo-bush na shinge santimita 30 tsakani ya isa, ƙaramar iksora 35 zuwa 40, binka da marigol da ziniya 25 zuwa 30, fotulaka ɗani guda, habiskos mita 1, bogenbiliya mita 2. Shingen mita 8 ke nan yalo-bush 27 zai ci, ba 60 ba. Wata uku na farko wurin zai yi kamar ba a cika shi ba, daga nan ya haɗe. Wanda aka cusa da yawa kuwa iska ba ta ratsa shi, da marka ƙasansa ya zube ya bar ƙafafu tsirara. Maskured a ja ta mita ɗaya daga katanga. Duk dangin ceɗiya da durumi, har da ƙaramar fikos ɗin nan mai sheƙin ganye da ake yi wa aski kamar ƙwallo, a nisanta su daga sokawe da bututun ruwa, domin saiwarsu ruwa take bi, kuma tana fasa bulo.

Abin da ba kasafai suke dubawa ba shi ne tafiyar rana da ta ruwan rufi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana a Kaduna tana karkata kudu, saboda haka fangalin da ke gindin katangar kudu ta ciki yana wuni a inuwa. Bogenbiliya ko fotulaka a nan ganye kawai za su yi. Jikin bangon da ke kallon yamma kuwa yana ɗaukar zafi har bayan magariba, nan ne wurin bogenbiliya da ƙariya, ba wurin habiskos ba. Ƙarƙashin bakin kwano, inda ruwan rufi ke zubowa da ƙarfi a Agusta, ba a dasa komai. A zuba tsakuwa faɗin rabin mita ko a sa indararo ya kai ruwan lambatu. Tsaya a filin da ƙarfe 8 na safe, da 12, da 4 na yamma, ka lura da inda inuwa take. Masu fure sosai suna son rana ta aƙalla sa'a shida.

Iksora ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce aka fi saya kuma ita aka fi kuka da ita. Alamar ciwonta a bayyane take: sabon ganyen da ke kan reshe ya yi rawaya fatau, jijiyoyinsa kuma sun tsaya kore shar kamar an zana da biro. Da mai gida ya nuna, sai a ce masa taki ne ya yi kaɗan, a watsa takin yuriya, ba abin da ya canza. Iksora ƙasa mai ɗan tsami take so. Siminti, ɓaraguzan bulo, toka da ruwan wanki duk suna kashe wannan tsami, kuma idan ya mutu saiwar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe ko da yana nan a ƙasa. Shi ya sa wadda aka dasa a ɗan siririn rami tsakanin intalok da katanga ta fi kowacce yin rawaya. Gyaran shi ne a tone gefenta a kwashe siminti, a ƙara ruɓaɓɓen taki da ruɓaɓɓen ganye, a daina zuba mata toka da ruwan omo, idan ya yi tsanani a sayi takin feshi mai sinadarin ƙarfe a shagon kayan noma. Kuma a hana mai aski yi mata ƙwal-kwabo duk mako biyu, tunda a kan sabon toho take fure. Almakashi na bi, furen wata mai zuwa na tafiya.

Maganar lokaci. Mai fulawa zai dasa maka a kowane wata, domin sana'arsa ke nan. Amma dashe a Maris ko Afrilu asarar kuɗi ce sai ga mai bohol da mai kula na dindindin. Ruwan farko na Afrilu ma yana ruɗin mutane, a yi ruwa biyu a dasa, sannan a yi kwana goma ana ƙwalla rana. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan damina ta zauna, domin shuka ta sami wata huɗu tana kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. Haƙa da gyaran ƙasa a yi su a farkon Mayu. Ƙariya da binka ba sa son marka. Ƙariya a sa ta a tukunya ko kan tudu cikin ƙasa mai rabin yashi, in ba haka ba gindinta ya yi laushi ya ruɓe a Agusta. Marigol da ziniya a sake shuka zagaye na biyu a Oktoba, su yi fure da hunturu, lokacin da ciwon ganye ya yi sauƙi.

Ranar dashe ka kasance a wurin, ko ka wakilta wanda zai tsaya. A dasa da yamma. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Wasu yaran aikin gindin kawai suke yagawa su tura, bayan shekara ka tone ka tarar saiwa ta naɗe a ciki kamar gammo. Bogenbiliya ba ta son a fasa mata dunƙulen ƙasa, a yanka ledarta da reza a zare a hankali. Wuyan shuka ya tsaya daidai inda yake a leda, kada a binne shi. A danna ƙasa da hannu, a yi ɗan kwarmi a kewaye, a ba kowace ƙaramar shuka lita biyu, babba rabin bokiti. Dashen da aka ɗauko daga ƙarƙashin inuwar bishiya ya fara yin mako guda a wurin da rana ke taɓa shi da safe kawai, in ba haka ba ganyen ya ƙone. Takin zamani, wato NPK 15-15-15, ba a sa shi ranar dashe. Sai bayan mako uku zuwa huɗu, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowace ƙaramar shuka, a nesa da gindi kamar rabin ɗani, a rufe da ƙasa a ba da ruwa. Bogenbiliya idan ta sha taki da ruwa da yawa ganye take yi ta manta da fure.

Sai ciyawa, wadda ita ce ta fi cin kuɗi a takardar ciniki kuma ta fi cin ruwa bayan nan. Ba mai fulawan da zai fara yi maka wannan lissafi, to ga shi. Da rani kowane murabba'in mita na ciyawa na buƙatar lita 5 zuwa 7 a rana. Fili mai mita 6 da mita 5 murabba'i 30 ne, wato lita 150 zuwa 210 kullum, jarka shida zuwa takwas masu lita 25, daga Nuwamba har ƙarshen Afrilu. Gidan da ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, ko mai rijiyar da ke janyewa a Maris, ba zai iya ba, kuma ciyawar za ta mutu daidai lokacin da ake son ganin kore. Mai irin wannan gida ya rage ciyawar zuwa murabba'i goma ko ya bar ta, ya zuba tsakuwa a hanya, ya sa ruwansa a fangali. Ciyawar kafet mai faɗin ganye ta fi jure inuwa amma ta fi jin ƙishi. Kirikiri na son rana, yana bushewa da rani ya farfaɗo da ruwan farko, sai dai yana kutsawa cikin fangali idan ba a yi masa iyaka da bulo ba. Fangalin da aka rufe samansa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, ba tare da ya taɓa gindin shuka ba, yana riƙe danshi har a iya ba shi ruwa bayan kwana biyu. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya a juya su wajen kana da habiskos, suna sha suna godiya. Butar ban ruwa mai kan rariya, irin wadda maƙeran Panteka ke yi, ta fi tiyo tsimi kuma ba ta tone saiwa.

Wani gargaɗi da ya kamata ya fito daga bakin mai sayarwa amma ba ya fitowa: wasu daga cikin kyawawan furannin nan guba ne. Oliyanda, mai siraran ganye da fure ruwan hoda ko fari, da 'yar'uwarta mai furen rawaya kamar ƙararrawa, da ƙariya, duk ruwansu da ganyensu na da dafi mai taɓa zuciya. Fulawar lantana na cutar da dabbobi. Gidan da ke da yara masu rarrafe, ko inda ake ɗaure ragon layya a tsakar gida, ya bar oliyanda da lantana, ƙariya kuma a ɗora tukunyarta inda hannu ba ya kai. Bogenbiliya ba ta da wannan matsala, ƙaya ce da ita, don haka a nisanta ta daga hanyar wucewa.

Alkawarin kula bayan dashe shi ne ɓangaren da ya fi rauni. Zuwan farko da na biyu ana cikawa, daga nan sai an yi ta kira a waya. In sun zo ma, aski ne aikin. Ba kasafai suke juya ganye su duba ƙasansa ba, inda farin ƙwaro mai kama da auduga ke taruwa a habiskos, ko darɓa a sabon toho. Wannan mai gida zai iya da kansa. Daka ƙwayar dogon yaro giram 50, jiƙa a lita ɗaya na ruwa ta kwana, tace da ƙyalle, ɗiga ɗan sabulun ruwa, fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita bayan kwana bakwai har sau uku. Wajen askin shinge kuma a nemi su bar ƙasa ya fi sama faɗi kaɗan, don rana ta kai ga ganyen ƙasa.

Saboda haka ciniki ya zama a rubuce, ko da a takardar littafin makaranta ce: sunan kowace shuka da adadinta, zurfin haƙa, yawan baron ƙasa da taki da yashi, mako biyun jiran ciyayi, da sharaɗin maye gurbin duk wadda ta mutu cikin mako shida muddin an ba ta ruwa. A raba kuɗin kashi uku, ɗaya a farkon haƙa, ɗaya ranar dashe, na ƙarshe bayan mako shidan. Wanda ya san aikinsa ba ya ƙin wannan, abin da zai ce bai wuce, "Ba damuwa, Hajiya, amma a riƙa ba su ruwa." Ga sabon shiga kuma, fangali ɗaya na mita 8 da tukwane huɗu a bakin ƙofa sun isa shekarar farko. Sauran filin a share shi a bar shi, a ga yadda ruwan gidan zai kai Afrilu, sannan a kira su su ƙara na biyu a Mayu mai zuwa.